Yashin kogi ko tsakuwa, kuma wace filta ce za ta jure rashin wuta a ƙauye?

Abban_Nana:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar. Wata biyu da suka wuce na shiga Kano na sayo akwatin gilashi na kifi, wanda ake cewa akwariyom, saboda 'yata ta gani a gidan ƙanwata ta ƙwallafa rai. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Mai shagon ya haɗa min da tsakuwa mai launi-launi, da filta irin wadda ake nutsawa cikin ruwa a jona da wuta, da golfish shida, wato kifin ado mai ruwan zinariya. To mu a ƙauyenmu ta wajen Ringim sai a kwana uku ba a kawo wuta ba. A sati na biyu ruwan ya yi fari kamar an dama gasara, sai na kwashe komai na wanke tsakuwar da filtar da omo, na cika da sabon ruwan bohol. Cikin kwana huɗu kifi huɗu suka mutu, yarinyar nan har abinci ta ƙi ci. Biyun da suka rage suna cikin baho. Ina so in sake sabon zubi. Me zan shimfiɗa a ƙasa, yashin kogi ko tsakuwa? Kuma wace filta ce ta dace da mai zama inda wuta ba ta da tabbas?

Dan_Kadawa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri. Omon nan shi ya gama da su, Malam. Ko kofin da za ka ɗebi ruwan kifi da shi ba a so sabulu ya taɓa shi.

Malamin_Bayoloji:
Dan_Kadawa ya yi gaskiya, amma ko da ruwa zalla ka yi wannan wankin, Abban Nana, da wuya duka su sha. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, ta kashinsa da kuma ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da shi. Ragowar abincin da ya ruɓe shi ma amoniya yake komawa. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne wa jikin soson filta da tsakuwa. Kashi ɗaya su mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, kashi na biyu su mayar da naitirait ta zama naitiret. Wannan ta ƙarshen ita ce mai sauƙi, ita kake ragewa duk ranar da ka canja ruwa. Kafin ƙwayoyin su taru su isa aiki ana ɗaukar sati 4 zuwa 6.

Farin da ka gani kusan kowane sabon gilashi sai ya yi shi. Da ka rage abinci, ka riƙa kwashe rubu'in ruwan kana zuba sabo, da ya washe don kansa. Da ka wanke komai tas sai ka koma ranar farko, ga kifi shida suna ta zuba guba babu mai kwashewa. Saboda haka duk filtar da za ka saya, ka sani aikin rariya shi ne ƙaramin aikinta. Gidan waɗannan ƙwayoyi ce, kuma su ma da iskar oksijin suke rayuwa, sai ruwa yana ratsa su dare da rana.

Mai_Sola_Gumel:
To nan maganar wuta ta shigo, kuma nan ne fannina. Filtar da aka ba ka ta 'yan birni ce masu janareto. Nemi filtar soso. Soso ne kawai mai bututu a tsakiya, ana haɗa shi da ƙaramin injin iska ta siririyar tiyo, kumfar da ke tashi ita ke jawo ruwa ya bi ta cikin soson. Injin da ya isa gilashinka bai wuce wat 2 zuwa 3 ba. Akwai ma wanda ake jonawa da fawa bank kamar cajar waya, shi wajen wat 1 yake ci. Fawa bank mai 10,000 yakan kai shi kwana guda cur, ka samu biyu kana cajin ɗaya a sola ɗaya yana aiki. Sai dai ka gwada tukuna, don wasu fawa bank ɗin kashe kansu suke yi idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Kuma ko iskar ta tsaya, soson yana tsakiyar ruwa a buɗe, ƙwayoyin da Malam ya faɗa ba sa saurin mutuwa kamar na filtar da ke rufe cikin gwangwani.

Hajiya_Mai_Kaji:
Ni dai shekara uku ke nan ina da nawa a Birnin Kudu, tsakuwa ce a ƙasa, kuma ban ga laifinta ba. Na taɓa zuba yashi, sati biyu filtata ta fara ƙugi, da yarona ya buɗe sai ga yashi ya shiga farfelar ya cinye ta. Tsakuwa kuwa ka sa tiyo ka zuƙe dattin da ke tsakaninta, shi ke nan. Kada ku sa bawan Allah ya zubar da abin da ya riga ya kashe wa kuɗi.

Mai_Sola_Gumel:
Hajiya ina wuni. Maganarki haka take ga filta mai farfela. Ta soso ba ta da wani abin juyawa a cikin ruwa, yashi ba ya yi mata komai.

Yaron_Tifa_Wudil:
Yallaɓai in yashi ne ka zo gida, aikina ke nan, lodin tifa. Yashi ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai laushi wanda magina ke yin filasta da shi, wannan rabinsa ƙura ce da laka, ko ka wanke sau ashirin ruwa ba zai yi garau ba, kuma danƙarewa yake yi. Akwai mai garas-garas na tsakiyar kogi wanda ake buga bulo da shi, shi za ka ɗiba. Ka tankaɗe da wayar taga ta sauro, ƙurar ta zube, sannan ka sake tankaɗewa da babbar rariya ka fitar da manyan duwatsu. Wanda ya tsaya tsakani shi ne naka. Ka zuba kaɗan-kaɗan a bokiti kana cuɗawa kana tsiyayewa har ka ga ƙasan bokitin ta cikin ruwa. Kuma kada ka ɗebi na gaɓa inda ake wanki da wanke mashin. Kogin da ya wuce ta wajenku shi ne namu na Wudil, ruwan Challawa da na kogin Kano ne suka haɗu, kuma kowa ya san Challawa tana kwaso ruwan masana'antu daga birni. Ni da zan samu na ƙaramin rafi da ke nesa da gari, shi zan fi so.

Nas_Jahun:
Don Allah ku tsaya, akwai abin da ba a faɗa ba. Yashin kogi da ciyawar ruwa suna zuwa da ƙananan dodon koɗi, kuma wasu daga cikinsu su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar daga jikin dodon koɗin take fitowa ta shiga ruwa, ta huda fatar mutum ta shige, ba sai an sha ba. Muna ganin yara masu fitsarin jini a asibiti, musamman daga garuruwan fadama da wuraren noman rani. Gilashin nan yarinya ce za ta riƙa tsoma hannu a ciki. Shanyawa a rana kaɗai ba ta isa ba, don suna iya lafewa cikin busasshiyar laka su jira damina. Bayan wankin da ɗan'uwanmu na Wudil ya faɗa, a zuba yashin a tukunya a tafasa shi sosai, a bari ya huce.

Dan_Kadawa:
Wallahi gaskiya ne Nas. Mu nan da muke shiga kanal ɗin ruwan Tiga tun muna yara, kaɗan ne a cikinmu ba su yi ta ba. Ƙari a kan haka, kada a ɗebi yashi kusa da gonar shinkafa ko tumatir. Maganin feshi ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, na sha ganin su sun taso a magudana bayan an yi feshi.

Magini_Dutse:
Yashi a tafasa, amma manyan duwatsun ado kada a ɗora su a wuta, wani yana da ruwa a cikinsa yana iya fashewa. A goge su da sabon burushi a kwara musu ruwan zafi. Sannan a ɗiga musu ruwan khal ko lemon tsami. Wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa a jikinsa, zai riƙa narkewa yana canja ruwan a hankali. Dutsen kwari irin namu ba ya kumfa, sai dai tsakuwarsa da inji ya fasa tana da kaifi, ba zan ba da shawarar a shimfiɗa ta ba.

Jikan_Sarkin_Ruwa:
Ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Muna zaune a bakin kogin Haɗejia, kifi iri-iri Allah Ya hore mana, sai a tafi birni a sayo kifin ƙasar waje da ba ya jure komai, a zo ana neman masa inji. Kakana a randa yake ajiye gaiwa da tarwaɗa har wata da watanni, ba filta ba wuta. Abban Nana ka sa yara su kamo maka 'yan ƙananan karfasa da kurungu, ka jefa kainuwa a sama, ka huta.

Malamin_Bayoloji:
Baffa, Allah Ya ƙara girma, ba na ja da abin da ka gani da idonka. Sai dai gaiwa da tarwaɗa suna iya shaƙar iska kai tsaye daga sama, gaiwa ma huhu gare ta, shi ya sa take kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo. Karfasa da golfish ba su da wannan baiwa. Kuma karfasa tana girma da sauri, ga tonon rami, duk abin da ka shuka sai ta tumɓuke. Tarwaɗa kuwa duk wanda ya shiga bakinta ya tafi. Maganar kainuwa na yarda da ita ɗari bisa ɗari, saiwarta tana tsotse amoniya da naitiret kamar yadda shuka ke shan taki. Amma tana son haske, kuma kada a bari ta rufe fuskar ruwan duka, a bar rabi a buɗe. Ita ma a duba ta da kyau saboda abin da Nas ta faɗa.

Jikan_Sarkin_Ruwa:
To Malam, na ji ta gaiwa. Amma kurungu ɗan ƙarami ai yana zama, ina da biyu a gilashin tagar mota da aka haɗa min, sun shekara. Kuma a nan ina bayan masu cewa yashi, don kurungu da gashin bakinsa yake laluben abinci a ƙasa, tsakuwa mai kaifi tana guntule shi. Ka sa masa fasasshen tulu ya samu wurin ɓuya, da rana ba ya son haske.

UmmuHanifa:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Maigidana yana so ya saya wa yara, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Tsare kifi a gilashi don kallo kawai, babu alhaki?

Almajirin_Malam:
Malama, abin da muka ji daga malamanmu shi ne ajiye dabba ya halatta matuƙar za a ba ta haƙƙinta. Suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya sani bai hana ba. Matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa kuwa, tsare ta ta yi ba ci ba sha har ta mutu. To shi kifi ruwansa shi ne numfashinsa, wanda ya san ba zai iya kula da ruwan ba gara ya haƙura. Ki ƙara tambayar malamin garinku. Allah ne mafi sani.

UmmuHanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi.

Injiniya_Kazaure:
Mu koma kan tambayar. Ba wanda ya yi lissafin gilashin nan. 60 sau 30 sau 30, a raba da 1,000, lita 54 ke nan, jarka biyu da ɗan ɗori. In ka cire wurin yashi da ɗan sararin da ake bari a sama, da ƙyar ya kai 45. Golfish shida a wannan ruwa zalunci ne ko da wace filta. Kifi ne mai ci da kashi, kuma yana kai santimita 15 zuwa 20 in ya samu wuri. Biyun da suka rage ma nan da shekara wurin zai yi musu kaɗan. Game da yashi, kada kaurinsa ya wuce santimita 2 zuwa 3. A gilashinka bokitin fenti na lita 4 guda ɗaya da ɗan ƙari ya isa. In ya yi zurfi iska ba ta kaiwa ƙasa, sai ya yi baƙi, ranar da ka tona ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan iskar guba ce. Duk sati ka bi shi da yatsa ka motsa. In kuma ka ga za ka ci gaba da filtar da ke hannunka lokacin da akwai wuta, duba jikinta, ana so ta juya ruwan gilashi sau 4 zuwa 5 a awa, wato lita 200 zuwa 250.

Hajiya_Mai_Kaji:
Ka ji ko? Yashi sai an tankaɗe, an wanke, an tafasa, an auna, an riƙa motsawa. Tsakuwata ba ta nemi ko ɗaya ba.

Injiniya_Kazaure:
Hajiya, taki tana da nata. Abinci da kashi suna nutsewa tsakaninta su ruɓe inda ido ba ya gani, a kan yashi kuwa a sama suke tsayawa. Ga shi golfish yana da ɗabi'ar ɗaukar abin ƙasa a baki ya furzar, tsakuwa mai girman wake tana iya maƙale masa. Ta taɓa faruwa da nawa, da hantsaki na ciro. Sannan mai launin nan fenti ne, mai arha tana ɓarewa. Abban Nana, jiƙa taka a farin kwano kwana biyu, in ruwan ya rine ka ba yara su yi wasan 'yar carafke da ita.

Dan_Kadawa:
Tambaya, gawayi fa? Na ji ana sa shi a filta, ga shi muna da shi buhu-buhu.

Malamin_Bayoloji:
Wanda ake sa wa filta gawayi ne da aka sake gasawa da tururi mai tsananin zafi har ya yi ƙananan ƙofofi marasa adadi, shi ke kama wari da launi da ragowar magani. Na girki bai kai can ba, kuma tokar jikinsa tana canja ruwa. Shi na shagon ma 'yan makonni yake yi ya cika, kuma ba ya maganin amoniya. Ba dole ba ne. In kayan gida kake so, tsingaron tukunyar ƙasa wadda ba a taɓa girki ko jiƙa kanwa a ciki ba ya fi, don jikinsa yana da ƙofofin da ƙwayoyin ke zama. Sabon soson wanka na raga shi ma yana yi. Soson katifa ne ban yarda da shi ba, ruwa ba ya ratsa shi sosai kuma ba ka san sinadarin da aka sa masa ba.

Mai_Sola_Gumel:
Na manta abu ɗaya mai muhimmanci. Ka ɗora injin iskar a wurin da ya fi ruwan tsayi, ko ka sa ɗan bawul ɗin nan da ke hana ruwa komowa. Wani abokin aikina ya ajiye nasa a ƙasa, aka ɗauke wuta cikin dare, ruwa ya biyo tiyo ya cika injin ya jiƙa masa tabarma, da asuba rabin gilashin ya tsiyaye.

Nas_Jahun:
A kuma yi tunanin bazara. A watan Afrilu zafinmu yana haura 40, kuma ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Lokacin ne za ka ga kifi sun taso sama suna haki. Golfish ɗan ruwan sanyi ne, hunturu ba ya damunsa, bazara ce abokiyar gabarsa. Gupi kuma, wani ɗan ƙaramin kifin ado, akasin haka ne, yana jure ɗumi, ga cin tsutsar sauro, amma sanyin Janairu yana kayar da shi. Nawa a ɗakin ƙasa suke, ya fi na kwano daidaito dare da rana. Kada a ajiye gilashi inda rana ke bugawa, kuma kada a zuba ruwan tankin roba da rana tsaka.

Abban_Nana:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci. Na jiƙa tsakuwar kamar yadda Injiniya ya ce, jar ta rina ruwa, shuɗiya da fara ba su yi ba. Hajiya, ban zubar ba, na ware masu kyaun. Na samo yashi daga wani rafi ta bayan gonarmu inda ba a noman rani, mai ɗakina ta tafasa min shi jiya. Na aika a sayo filtar soso da injin fawa bank. Saura abu biyu. Ruwan bohol ɗinmu in ya kwana yana yin ja-ja a ƙasan bokiti, zai yi? Kuma kifin nan biyu, in mayar da su yanzu ko sai sati shidan sun cika?

Malamin_Bayoloji:
Jan nan ƙarfe ne da ke narke cikin ruwan, in ya sha iska sai ya kwanta. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana, ka tsiyaye na sama. Dama ruwan bohol yana fitowa da ƙarancin iska, kwanan yana gyara shi. Shi ba shi da kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo wanda ke cutar da kifi, masu ruwan famfo ne ke da wannan damuwar. Kifin kuwa bahon da suke ciki ma ba filta, gara gilashin. Ka mayar da su, abinci sau ɗaya a rana wanda za su cinye cikin minti biyu, ka canja rubu'in ruwa duk bayan kwana biyu har wata guda, daga nan sati-sati. Soson in ya toshe, ka matse shi cikin ruwan da ka kwaso daga gilashin, kada ya yi fes. Ruwan da ka kwashe a ba shuka, taki ne.

Hajiya_Mai_Kaji:
Shuɗiyar da farar ka zuba su a kusurwa ɗaya ko don yarinyar, ita launin ta gani ta so. Nan da wata shida ka dawo ka faɗa mana wanda ya fi sauƙin sharewa, ni har yanzu ina kan bakana.

Jikan_Sarkin_Ruwa:
In ruwan ya zauna ka yi min magana, akwai ɗan kurungu da zan ajiye wa Nana.

Injiniya_Kazaure:
Baffa a dakata da kurungun nan, lita 45 ce fa, kuma biyun da ke ciki girma za su yi.

Dan_Taura:
Abban Nana ashe maƙwabta ne mu. Ina da filtar soso da ta shekara tana aiki, kifina lafiya lau. Ranar Lahadi zan shigo kasuwar Gujungu, zan yanko maka guntun tsohon soson in saka a leda da ruwansa. Ka ɗaure shi jikin sabon naka da kyauro, ƙwayoyin za su yi saurin kamawa, ba sai ka jira sati shida ba. Ka taho da wuri don kada ya daɗe a leda cikin rana, ina wajen 'yan buhu daga ƙarfe goma.